Amsoshin Tambayoyinku: Da Wane Mudu Ake Auna Manufar Jami'ar Kuɗi?

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwa ne, ina zaune a Mbamba, shagona na hatsi kuma yana Jimeta. 'Yata ta gama sakandare, ta ci JAMB, ta kafe sai Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke nan Yola za ta shiga ta karanci kasuwanci. Ta kawo mini takardunsu, na ga an rubuta manufa da ɗabi'un da suka ce a kansu suke tafiya, wato ƙwarewa, gaskiya da hidima ga al'umma. Malam, tambayata uku ce. Mece ce ainihin manufar irin wannan jami'a? Makarantar da ke karɓar miliyoyi tana da bakin cewa hidima take yi? Sannan kasuwancin da muka koya a gindin iyayen gidanmu, ashe ana koyonsa a aji? Daga wani mahaifi, Mbamba, Yola ta Kudu.

AMSA: Alhaji, Allah Ya yi wa yarinya albarka, Ya ƙara wa kasuwa buɗi. Bari in ba ka amsar a dunƙule kafin in warware ta. Abin da jami'a ta rubuta a takarda alkawari ne kawai, kuma da wuya ka sami jami'a a Najeriya da ba ta rubuta irinsa ba, da kusan kalmomi iri ɗaya. Manufarta ta gaskiya a wuri uku ake gane ta: inda take zuba kuɗinta, wanda take buɗe wa ƙofa, da abin da take yi ranar da garin da take zaune a ciki ya shiga uku. Kai mai hatsi ne, ka san ba a yarda da bakin mai talla sai an kawo mudu. To, waɗannan ukun su ne mudunmu.

Mu fara da asali. Jami'o'i masu zaman kansu ba su daɗe a ƙasar nan ba. A 1999 aka ba uku na farko lasisi: Igbinedion da ke Okada, Babcock da ke Ilishan-Remo, da Madonna da ke Okija, dukkansu a Kudu. Yau sun haura 100 nesa ba kusa ba, ko da yake ƙaramin kaso ne na ɗaliban ƙasar ke karatu a cikinsu. Jami'ar Amurka ta Najeriya, wadda kowa ya fi sani da AUN, tana cikin na farko-farko a Arewa. Alhaji Atiku Abubakar ne ya kafa ta lokacin yana mataimakin shugaban ƙasa, ta fara ɗaukar ɗalibai a 2005, a shekarar da Jami'ar Al-Qalam ta Katsina ita ma ta samu. Da farko sunan ABTI na haɗe da nata, kuma Jami'ar Amurka da ke birnin Washington ce ta taimaka wajen tsara ta.

Dalilin da ya sa aka zaɓi salon Amurka yana cikin tarihin shi wanda ya kafa ta. An haifi Atiku a Jada a 1946. Mahaifinsa bai so ya shiga boko ba, har hukuma ta tsare mahaifin a kan haka sai da aka biya tara. Da yaron ya zo sakandaren lardi a Yola, sai ya faɗa hannun malamai Amurkawa 'yan sa-kai, kuma ya sha faɗa a bainar jama'a cewa su ne suka koya masa yin tambaya da tunani da kansa maimakon hadda. Irin wannan koyarwa ce ya ce yana so ya dawo da ita gida: aji maras cunkoso, malamin da ake iya ja da shi cikin ladabi, da karatun share fage mai faɗi kafin ɗalibi ya nutse cikin fanninsa.

Akwai gyara guda da ya kamata in yi maka a nan. AUN ba jami'ar kasuwanci zalla ba ce. Tsangayar kasuwanci da ƙirƙirar sana'a ɗaya ce daga cikin tsangayoyinta, tare da ta kimiyya da fasaha, ta kwamfuta, ta shari'a da ta injiniya. Makarantar da ta keɓe kanta ga kasuwanci a ƙasar nan ita ce irin Makarantar Kasuwanci ta Legas, wadda ta fara a 1991, kuma masu digiri da manyan ma'aikata take koyarwa. Sai dai kasuwanci na da babban gurbi a AUN, ba mamaki tunda mai ita ɗan kasuwa ne, ruwan Faro da kamfanin abincin dabbobi na Rico Gado duk nasa ne a nan Yola.

Manufar da jami'ar ta ɗora wa kanta ita ce zama “jami'ar raya ƙasa”, har tana cewa ita ce ta farko a Afirka. Batun farko ko ba farko ba, wannan kirari ne, domin tun shekarun 1960 Julius Nyerere na Tanzaniya yake cewa ƙasa matalauciya ba ta da halin riƙe jami'ar da ba ta taɓa rayuwar manomi. Kafin shi ma, a 1862 Amurka ta yi dokar ba jihohi filaye su kafa kwalejojin noma da ƙere-ƙere domin amfanin talakawan yankunansu. Ma'anar dai ita ce matsalolin garin su zama darasin aji. A AUN an mai da wannan ƙa'ida: ɗalibi ba ya kammala digiri sai ya yi kwas na raya al'umma, ya fita cikin unguwanni ya koyar da yara karatu, ko ya yi aiki da mata masu ƙananan sana'o'i. Cikin ayyukan da suka fito daga nan akwai na mata masu saƙa jakunkuna da tabarmi daga ledojin da aka zubar, suna sayarwa.

To, ina batun ranar wuya? Kai ganau ne, Alhaji, ba sai na yi maka dogon bayani ba. A Janairun 2012 aka yi kashe-kashe a Mubi, aka kai hari wani coci a Jimeta, ga kuma zanga-zangar janye tallafin mai ta rufe ƙasa. A wannan watan ne jami'ar, ƙarƙashin shugabarta Margee Ensign, ta tara limamai da fastoci da 'yan kasuwa da shugabannin mata suka kafa ƙungiyar wanzar da zaman lafiya ta Adamawa. Suka fara da haɗa matasa Musulmi da Kirista a ƙungiyoyin ƙwallo guda. Da Boko Haram ta kama Mubi a ƙarshen Oktoban 2014, jama'a suka kwararo Yola da Jimeta, wasu a ƙafa. Kaɗan ne suka shiga sansanoni irin na Damare da Malkohi. Mafi yawa gidajen 'yan uwa da na bayin Allah suka sauka, gidan mutum goma ya koma na hamsin. Bishop Stephen Mamza ya buɗe harabar cocin St. Theresa da ke Jimeta, masallatai ma suka karɓi nasu. Wannan ƙungiya da jami'ar ta kafa ita ce ta yi watanni tana rabon masara da shinkafa da wake ga ɗaruruwan dubban mutane, da hannun ɗalibai da ma'aikatanta, tun kafin manyan ƙungiyoyin agaji su kankama. Kuma jami'ar ba ta rufe ta gudu ba.

Haka batun 'yan matan Chibok. Bayan sace 276 daga cikinsu a Afrilun 2014, AUN ta ɗauki 21 daga waɗanda suka kuɓuta, ta buɗe musu ajin share fage na musamman. A 2017 gwamnatin tarayya ta kawo mata fiye da 100 daga waɗanda aka sako, kuma an samu waɗanda suka kai ga digiri. Ta kuma yi shirin ciyar da almajirai tare da koya musu karatu da lissafi, da wani shirin darussa ta rediyo ga dubban yaran da rikici ya raba da makaranta. A wannan ɓangare, magana ta gaskiya, mudun ya cika.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ta fi ciwo. Kuɗin karatun AUN miliyoyin naira ne a shekara, tana cikin mafiya tsada a ƙasar nan. Yawancin yaran Mbamba da ke wucewa ta gefen katangarta ba za su shiga ajinta ba sai dai da tallafi. Wannan gaskiya ce, kuma ba wata takardar manufa da za ta goge ta.

Amma yana da kyau ka san inda tsadar ta samo asali. Jami'ar gwamnati, baitulmali ne ke biyan albashin malamanta, asusun TETFund kuma ya gina mata ɗakunan karatu daga harajin da ake karɓa a hannun kamfanoni. Jami'a mai zaman kanta ba ta cikin wannan rabo. Hatta bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, ɗaliban makarantun gwamnati aka fara da su. Saboda haka albashi, man janareta, intanet, littattafai, tsaro, duk daga aljihun iyaye da na mai makaranta suke fitowa. Idan malami baƙo ne daga waje, ko manhajar kwamfuta da dala ake biyanta, duk faɗuwar da naira ta yi sai ta bayyana a takardar kuɗin makaranta. Abin da iyaye suke saya kuma ba ɓoyayye ba ne: shekara huɗu ta zama huɗu. Ka tuna yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas.

Wannan tsari yana da rauninsa. Makarantar da ta dogara ga mutum ɗaya da kuɗin iyaye tana girgiza idan ɗayansu ya girgiza. A 2020 AUN ta sallami ɗaruruwan ma'aikata a wani garambawul na rage kashe kuɗi. Manyan jami'o'i masu zaman kansu na duniya sun daɗe ne saboda suna da dukiyar waƙafi da ake juyawa, ribarta na biya wa 'ya'yan talakawa karatu ko bayan ran wanda ya kafa su. Duk jami'ar kuɗi da ke son a yarda hidima take yi, a nan za ta nuna: ɗalibai nawa cikin 100 ne ke karatu da tallafi, ta wace hanya ake zaɓensu, kuma nawa ne daga Adamawa. Haƙƙinka ne ka tambaya, haƙƙinsu ne su ba ka adadi. Idan aka ba ka labari maimakon lamba, ka san ka samu amsa.

Tambaya ta uku: ana koyon kasuwanci a aji? Wani ɓangare ana koya, wani ba a koya. Sanin mutane, haƙurin ciniki, gane mai cin bashi daga tafiyarsa, riƙon amana tsakanin ubangida da yaron shago, waɗannan a kasuwa ake shan su. Alhassan Ɗantata, wanda ya yi fataucin goro zuwa Gwanja ya kuma zama babban mai sayen gyaɗa a Kano kafin rasuwarsa a 1955, bai zauna a ajin kasuwanci ba. Amma ka duba kasuwar Jimeta ka ƙirga shaguna nawa ne suka kai jikoki. Gidan Ɗantata, da ya fito da Aminu Ɗantata da kuma Aliko Ɗangote ta wajen uwa, ana misali da shi ne saboda irinsa ba su da yawa. Abin da muka saba gani shi ne mai gida ya rasu, a nemi littafi a rasa, masu bashi su yi shiru, waɗanda ake bi su ɓace, a raba gado, shago ya koma hannun wani. Dalilan sanannu ne: kuɗin shago da kuɗin cefane a aljihu ɗaya, lissafi a ka, ba rajista, ba wanda aka shirya ya gaje kujera.

Nan ne aji yake da amfani. Bari in ba ka misali daga sana'arka. Ka sayi masara da kaka, ka ajiye har damina, abin da ka saya naira 100 ka sayar 125, ka ce ka ci ribar 25. Mai karatun kasuwanci zai ce a dakata. A cire kuɗin sito da dako da maganin ƙwari, a cire abin da ƙwaro ya ci da ramar buhu. Sannan a tuna a 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta wuce kashi 30 cikin 100, wato naira 125 ɗinka ba za ta sayi abin da 100 ta saya bara ba. Sai ka ga ribar ta koma asara, uwar kuɗi na narkewa alhali aljihu cike yake. Irin wannan lissafi, da rubuta littafin shiga da fita, da yi wa kasuwanci rajista a hukumar CAC don ya zama yana da rai daban da na mai shi, da sanin haraji, da tsara takardar da banki ko mai zuba jari zai yarda da ita, da auna haɗarin canji tsakanin naira da sefa ga mai kai kaya Garwa, su ne abubuwan da ake koyarwa. Tun 1881 da aka buɗe makarantar Wharton a Amurka ake wannan aiki, kuma Harvard ta shahara da koyarwa ta hanyar ɗauko labarin wani kamfani na gaske a ce wa ɗalibai su yanke shawara. Tambayar da za ka yi ita ce: labaran da za a ba 'yarka na kamfanonin Amurka ne kaɗai, ko akwai na kasuwar shanu ta Ngurore da ta Mubi, da na masu shinkafar bakin Binuwai?

Sai batun gaskiya da amana da suka rubuta. Rubutu ba ya hana ɓarna. Kamfanin Enron na Amurka ya jera gaskiya da mutunta jama'a cikin ɗabi'unsa, shugabansa Jeffrey Skilling kuma a makarantar kasuwanci ta Harvard ya yi karatu. Kamfanin ya durƙushe a 2001 saboda lissafin ƙarya, dubban ma'aikata suka rasa aiki da ajiyarsu ta tsufa, shi kuma ya tafi gidan yari. A ɗaya gefen, Jami'ar Ashesi ta Ghana, wadda Patrick Awuah ya kafa a 2002, ɗalibanta da kansu suka amince a 2008 su riƙa rubuta jarrabawa ba mai tsaro, da sharaɗin wanda ya ga maguɗi zai faɗa. Bambancin biyun shi ne a ɗaya kalma ce a bango, a ɗaya kuma ƙa'ida ce mai hukunci. A jami'ar kuɗi jarrabawar gaskiya guda ce: idan ɗan babban mutum ya yi satar amsa, ana korarsa kuwa, alhali korarsa asarar miliyoyi ce ga makaranta? Tsofaffin ɗalibai sun san amsar, kuma suna nan cikin gari.

Saboda haka shawarata ita ce ka je da ƙafarka, tunda daga Mbamba ba tafiya ba ce, kuma gani ya kori ji. Ka nemi a nuna maka shaidar cewa hukumar NUC ta amince da ainihin kwas ɗin da yarinya za ta yi, domin amincewa kwas-kwas ake bayarwa. Idan akanta za ta karanta, ka tambayi matsayin kwas ɗin a wajen ICAN ko ANAN. Ka nemi jimillar kuɗin shekara da ɗaki da abinci da komai, ka tambayi sau nawa aka ƙara shi a shekarun baya-bayan nan. Ka tambayi yawan ɗalibai a aji, da malamai nawa ne na dindindin. Ka ji inda waɗanda suka gama suke aiki, da nawa ne suka kafa nasu. Ka shiga ɗakin kwanan mata tare da mahaifiyarta, ku ga dokokin shiga da fita da wurin ibada. Ka kuma tambayi ranar jarrabawar neman tallafi, domin yarinya mai ƙoƙari tana iya samun rangwame.

Idan bayan wannan ka ga za ka iya biyan shekara huɗu cif ba tare da ka taɓa uwar kuɗinka ba, ka bar ta ta je. Jami'ar ta nuna a aikace cewa hidimar da ta rubuta ba ado ba ce, ko da yake ƙofarta ƙunci gare ta ga talaka. Idan kuwa sai ka sayar da gona ko ka ci bashin da zai karya shago, ko ka tauye karatun ƙannenta, kada ka yi. Daidai ruwa daidai tsaki. Fitar da yaro a shekara ta biyu saboda kuɗi sun ƙare ya fi rashin shigarsa ciwo. Jami'ar Modibbo Adama tana nan a Girei, ta jiha tana Mubi, dukkansu suna koyar da fannonin kasuwanci, kuma in ta so ƙari nan gaba akwai Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote a Jami'ar Bayero ta Kano.

Ko wacce ta shiga, akwai abin da ke hannunka wanda babu jami'ar da ke da shi. Duk hutu ka zaunar da ita a shago, ka saya mata littafi, ka ce ta rubuta kowane buhu da ya shiga da wanda ya fita, da bashi da ranar biyansa. Ka bar ta ta gaya maka ribarka ta gaskiya a ƙarshen shekara, ko da lissafin bai yi maka daɗi ba. Ita ta kawo ilmin aji, kai ka ba ta na kasuwa da riƙon amana. Allah Ya yi mata zaɓi mafi alheri, Ya sa ta zama abin alfahari gare ku da al'umma baki ɗaya.